Abin da ya kamata ku sani: ƙofar rumbun bayanai da ake bari a buɗe

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon kwamfuta a Dogon Daji ko Tambuwal ranar da makaranta ta saki sakamakon jarrabawa ya san yadda abin yake. Uba ya taso tun da farar safiya daga Sanyinna ko Jabo, wani ma daga Kuchi ta ƙasar Kebbe, ya biya kuɗin mashin, ɗansa na biye da shi riƙe da lamba a 'yar takarda. Yaron shago ya buga lambar, allo ya yi ta juyawa, can sai wani guntun rubutun Turanci ya fito. Ya sake bugawa, ya kuma sakewa. Daga ƙarshe ya juyo ya ce, "Baba, a yi haƙuri, netwok ne. Ku dawo bayan la'asar."

Wani lokaci gaskiya yaron ya faɗa, domin kowa ya san halin netwok a ƙauyukanmu. Amma sau da yawa, a daidai wannan lokacin, wayar da ke hannunsa tana buɗe Facebook da WhatsApp ba gardama. To in netwok ne, don me shafi ɗaya tak zai ƙi? Ruwa ba ya tsami banza. Dalilan da ke kayar da shafi suna da yawa, amma akwai ɗaya da nake son mu zauna a kansa, saboda ƙarami ne a ido, gyaransa ba ya cin ko sisi, kuma yaranmu da suka fara koyon rubuta manhaja suna yawan tsallake shi. Shi ne rufe haɗin da shafi ya buɗe da rumbun bayanai da zarar ya gama abin da ya kai shi.

Bari mu fara da rumbun kansa. A 1931, lokacin da aka sa marigayi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a makarantar elamantare ta Dogon Daji, garin da aka haife shi a 1923, rajistar makaranta littafi ce mai layuka. Kowane yaro da layinsa, kowane layi an raba shi gida-gida: suna, sunan uba, aji, maki. Rumbun bayanai na kwamfuta wannan littafin ne, sai dai yana iya ɗaukar layi miliyoyi, kuma ba a bari kowa ya sa hannu ya buɗe shi. Akwai manhaja ta musamman da ke zaune a kansa kamar magatakarda. Kai dai ka faɗa mata abin da kake so, ta duba ta miƙo maka. Wadda aka fi sani a ƙananan shafuka ita ce MySQL, da wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar a 1995. Kamfanin Sun ya saye ta a 2008, Oracle kuma ya saye Sun a 2010. Tana da ƙanwa mai suna MariaDB, wadda Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri MySQL ɗin, ya fara a 2009. Halinsu kusan ɗaya ne a abin da muke magana a kai.

Shi kuma shafin da kuke gani a waya, ba a ajiye yake a shirye yana jiranku ba. Duk sanda wani ya buga lamba ya danna, wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda tana iya kasancewa a Legas ko Jamus ko Amurka, ita ke haɗa shafin nan take ta bin umarnin da wani ya rubuta mata. Harshen da aka fi rubuta irin wannan umarni da shi a ƙananan shafuka shi ne PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya saki a 1995. WordPress, da ɗimbin jaridu da makarantu ke gina shafukansu a kanta, da PHP aka rubuta ta, kuma a MySQL ko MariaDB take ajiya. Aikin PHP a nan ɗan aike ne. Ya je ƙofar rumbu, ya faɗi sunansa da kalmar sirri, a buɗe masa layi, ya yi tambaya, ya karɓi amsa, ya dawo ya shirya ta a shafi. Wannan layin da aka buɗe masa shi ne haɗin.

Ga inda maganar take: layukan nan ƙidayayyu ne.

Ku dubi shagon cajin waya na bakin kasuwa. Mai shago ya tayar da janareta, ya kafa allon katako mai soket, a ce guda hamsin. In duk hamsin ɗin suna da waya a jiki, wanda ya zo na hamsin da ɗaya sai dai ya juya, ko da kuwa janareta na da sauran ƙarfi. Abin da ya fi ciwo shi ne, wataƙila ashirin daga cikin wayoyin da ke jone tuni sun cika, masu su ne ba su dawo ba, mai shago kuma bai cire ba. Ba sa shan wuta, amma sun tare wuri.

Haka MySQL take. In ba a taɓa saitinta ba, haɗi 151 take karɓa a lokaci guda, da ƙarin ɗaya da take ɓoye wa mai kula da ita domin ya samu ta inda zai shiga ya yi gyara in wuri ya cushe. Wata manhajar rumbu mai suna PostgreSQL 100 take farawa da shi. Da zarar MySQL ta cika, duk wanda ya ƙwanƙwasa sai a mayar masa da amsa mai lamba 1040, wadda ke cewa "Too many connections", wato haɗi ya yi yawa. A shafin WordPress kuwa farin allo mutum zai gani da jimla ɗaya mai cewa an kasa ƙulla haɗi da rumbun bayanai, ko da yake wasu dalilan ma, kamar kuskuren kalmar sirri, suna fito da wannan jimlar. Sannan galibin shafukan makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyi ba su da sabar kansu. Haya suke yi a gidan haya, saba ɗaya shafuka da yawa, kuma mai gidan yakan yanka wa kowane ɗan haya nasa rabon, wanda bai kai 151 ɗin ba ko kusa.

A nan dole in faɗi wata gaskiya da za ta yi kamar ta rushe maganata. PHP yana rufe haɗi da kansa. Tsarinsa ke nan tun asali: da zarar ya gama haɗa shafi ɗaya, sai ya share duk abin da ya riƙe, har da layin rumbu, wanda ya zo na gaba kuma a fara masa daga farko. Don haka ɗalibin da ya ce malaminsa ya gaya masa ba dole ba ne a rubuta umarnin rufewa, ba ƙarya aka yi masa ba. In shafi gajere ne, ya tambaya, ya nuna, ya ƙare cikin ƙiftawar ido, mantawa da rufewa ba za ta jawo komai ba. Haka kuma mai karatu ya kwantar da hankalinsa: barin shafi a buɗe a wayarka kana kallon makin ɗanka bai tare wa kowa wuri ba, domin kafin rubutun ya iso idonka an riga an sallami layin.

Matsalar tana cikin kalmar nan "da zarar ya gama". Yaushe zai gama?

Mu ɗauki wata makaranta da ta sa aka gina mata shafin biyan kuɗin zango. Wanda ya rubuta shi ya buɗe haɗi a layin farko na umarninsa, kamar yadda ya gani a darasin da ya koya. Ya ɗauko sunan ɗalibi da kuɗin da ake binsa, aikin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Daga nan shafin ya tafi tambayar kamfanin karɓar kuɗi ko an biya, ya tsaya jiran amsa. Ya tura wa uba saƙon tes ta wani kamfanin daban, ya sake jira. Ya haɗa rasit mai hoton ɗalibi. Duk wannan ya ɗauki sakan 5, kuma a tsawon lokacin layin rumbu yana hannunsa, ba ya amfani da shi, bai kuma sake shi ba. Wayar da ta cika ke nan a jikin soket.

Yanzu mu yi lissafi. A ce mai gidan haya ya ba makarantar haɗi 20. In kowane baƙo yana riƙe layi sakan 5, mutum 4 kacal za a iya sallama a kowane sakan. In kuwa ana sakin layin bayan kashi ɗaya cikin goma na sakan, waɗannan haɗi 20 ɗin dai za su iya ɗaukar mutum 200 a sakan. Ninki 50 ke nan, ba a ƙara kuɗin haya ba, ba a sauya saba ba. A ranakun da ba kowa, mutum 4 a sakan ya isa har ya yi yawa, shi ya sa ba wanda ke lura. Sai ranar da aka sanar a zauren WhatsApp na iyaye cewa sakamako ya fito, kowa ya danna a cikin minti goma, sannan asiri ke tonuwa. A ganina wannan shi ne zuciyar darasin, kuma shi ne abin da ya kamata a fara koya wa yaro kafin sunan kowane umarni: kada ka buɗe sai kana bukata, in ka karɓi abin da ka zo nema ka rufe kafin ka shiga aikin da zai sa ka jira wani. In daga baya kana da abin rubutawa a rumbu, ka sake buɗewa. Sake buɗewar yana da ɗan nauyi, amma in rumbun yana kusa da sabar, nauyin bai kai na tare wuri sakan 5 ba.

Yadda ake rufewar ba shi da wuya. PHP yana da hanya biyu ta magana da MySQL a yau. Ta farko ita ce mysqli, da ta zo tare da PHP 5 a 2004, kuma umarninta na rufewa shi ne mysqli_close. Ta biyu ita ce PDO, da ta shigo cikin harshen a 2005. Ita ba ta da umarnin rufewa na kanta. Abin da ake yi shi ne a ɗauki sunan da aka raɗa wa haɗin a mayar da shi null, wato wofi. Sai dai akwai tarko a nan da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar. PHP ba ya sakin abu matuƙar akwai wani da ke riƙe da shi. In ka shirya tambaya da wannan haɗin ka ajiye ta a wani suna, to tambayar tana riƙe da haɗin, kuma ko ka mayar da sunan haɗin wofi layin yana nan a buɗe. Sai ka wofantar da tambayar ita ma. Kamar akuya ce da aka ɗaure da igiya biyu, ka kwance ɗaya ka ce ka sake ta.

Wani abu kuma da zan ja kunnen masu koyo a kansa: tsofaffin littattafai da bidiyoyi da ake turawa daga waya zuwa waya har yanzu suna koyar da mysql_connect da mysql_close, marasa harafin i. An fara gargaɗi a kansu tun 2013, aka kuma cire su gaba ɗaya da PHP 7 ya fito a Disamban 2015. Wanda ya koye su yau ya koyi abin da ba zai tashi a sabar zamani ba.

Bayan daɗewar riƙe layi, abu na biyu shi ne yawan layukan da ake buɗewa. Na sha ganin shafin da aka rubuta shi gunduwa-gunduwa, saman shafi da nasa fayil, jerin azuzuwa da nasa, makin ɗalibi da nasa, kuma kowane fayil sai ya buɗe sabon haɗi don kansa. Baƙo ɗaya ya cinye layi huɗu ko biyar. Rabon makaranta na 20 ya koma kamar na mutum 4 ko 5. Haɗi ɗaya ya isa shafi ɗaya. A buɗe shi a wuri guda, a riƙa miƙa shi ga duk ɓangaren da ke bukata.

Sai ayyukan da ba na shafi ba, waɗanda ake saita su su tashi da kansu, misali tura tes ga iyaye 2,000 da dare. Shafi na yau da kullum PHP yana yanke masa sakan 30 na aiki in ba a sauya ba, amma irin waɗannan da ake tayarwa daga cikin saba ba su da iyaka. Suna iya yin awa guda ko kwana, wasu ma an gina su ne kada su taɓa tsayawa. Ga su, alƙawarin nan na cewa za a rufe in an gama ba shi da amfani, tunda gamawar ba ta kusa. MySQL kuwa mai haƙuri ce ƙwarai. Haɗin da ya yi shiru sai ya kai sakan 28,800, awa 8 cur, kafin ta yanke shi da kanta, in dai ba a rage wa'adin ba. Daga sallar asuba har bayan azahar ke nan wuri yana tare. In kuma ta yanke, aikin ya farka ya yi tambaya a kan layin da ya mutu, sai ya samu amsar cewa saba ta tafi, ya faɗi a tsakiyar hanya, rabin iyaye sun samu saƙo rabi ba su samu ba.

Akwai kuma abin da ake kira haɗi mai ɗorewa, wanda da gangan ake hana shi rufuwa a ƙarshen shafi domin baƙo na gaba ya same shi a buɗe. A mysqli ana yin sa ne da sa harafin p da ɗigo biyu a gaban adireshin rumbu, a PDO kuma akwai saitin da ake kunnawa. Yana rage wahalar buɗewa, gaskiya ne. Amma kowane ma'aikacin PHP, wato ɗan aiken da ke zaune a kan sabar yana jiran baƙi, yana riƙe da nasa, ko ana aiki ko ba a yi, kuma umarnin rufewa ba ya yanke shi, mayar da shi ajiya kawai yake yi. In ma'aikatan sun fi rabon da aka ba ku yawa, kun cika soket da kanku tun kafin baƙi su iso. Shawarata ga mai ƙaramin shafi a gidan haya ita ce ya bar shi a kashe har sai ya auna ya ga dalili.

In maganar kuɗi ta shigo, rufewa tana da wani tsari da ba a wasa da shi. Wani aikin matakai biyu ne da dole su tafi tare: a rubuta cewa an karɓi kuɗi, a kuma rage bashin ɗalibi. Ana ɗaure su wuri ɗaya ne, a ƙarshe a ba da umarnin tabbatarwa mai suna commit. In haɗi ya rufu kafin a tabbatar, rumbun yana warware duka biyun, kamar ba a taɓa yi ba. Wannan kariya ce mai kyau, domin ta fi a rubuta rabi a bar rabi. Amma wanda ya yi gaggawar rufewa ya manta da tabbatarwa, shafinsa zai ce wa uba an karɓa, littafi kuma babu komai. Sannan aikin da aka fara ba a tabbatar ba yana kulle layukan da ya taɓa, duk wanda ke son gyara su sai ya tsaya jira da nasa haɗin a buɗe, cunkoso ya haifi cunkoso. Tabbatarwa tukuna, sannan rufewa.

Ba a bukatar duba ko hasashe don gane ko wannan ne ciwon shafi. Mai kula da rumbu ya rubuta SHOW PROCESSLIST, zai ga haɗin da ke buɗe, abin da kowanne yake yi, da sakan nawa ya yi a haka. In ya ga jeri mai tsawo an rubuta Sleep a gabansu, wato barci, to ga wayoyin da suka cika nan. Akwai kuma wani ma'auni mai suna Max_used_connections da ke faɗin adadi mafi yawa da aka taɓa kaiwa tun da aka tayar da rumbun. In ya taɓa rufin, to mai yiwuwa an taɓa korar mutane. Da yawa abin da suke fara yi shi ne ɗaga iyakar daga 151 zuwa 500 ko 1,000. Wani lokaci hakan daidai ne, in baƙi ne suka ƙaru da gaske. Amma kowane haɗi yana cin nasa rabo na ƙwaƙwalwar saba, kuma in yoyo ne daga rubutun, ƙara soket a kan ƙaramin janareta sai dai ya kashe shi baki ɗaya.

Na yi ta ambaton PHP ne domin shi ya fi yawa a hannun masu farawa, amma darasin bai tsaya a kansa ba. A wasu hanyoyin rubuta umarnin shafi kamar Node.js, da Python a yawancin yadda ake amfani da shi a shafuka, manhajar tana zaune ne a kunne dare da rana, babu mai share mata hannu bayan kowane baƙo. Can ana tara haɗi ne a wuri ɗaya ana ba da aro, kuma wanda ya ara bai mayar ba ya rage wa kowa, har a wayi gari babu ko ɗaya. Ɗalibin da ya saba da sakacin da PHP ke yafe masa, ranar da ya koma can zai sha wuya. Matasanmu suna karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu sun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Su ne za su gina shafukan makarantunmu da shagunan magani da ƙungiyoyin manoma. Ina son su fito da wannan ɗabi'ar a jininsu, saboda na san nawa ne kuɗin mashin daga Kuchi zuwa inda ake duba sakamako, na kuma san uba ba ya samunsa a banza.

Ga mai duba sakamako ko mai biyan kuɗi, abu ɗaya ke hannunka. In shafi ya tsaya yana juyawa, kada ka yi ta dannawa. Kowace dannawa sabon ɗan aike ne ka tura ƙofar rumbu, alhali na farkon wataƙila yana can bai gama ba, domin sabar ba ta cika gane ka fasa nan take ba. Mutum ɗari in kowa ya danna sau biyar sun zama ɗari biyar. Ka dakata minti biyu ko uku, ko ka gwada da daddare. In kuwa kuɗi ka tura, ka duba alat ɗin bankinka kafin ka sake turawa.

Ku kuma shugabannin makarantu da masu asibitoci da kuke biyan a gina muku shafi, ba sai kun iya PHP ba kafin ku kare kanku. Kafin ku biya cikon kuɗin aiki, ku zaunar da wanda ya gina ku tambaye shi: haɗi nawa mai gidan haya ya ba mu, shafi ɗaya haɗi nawa yake buɗewa, kuma yana sakin rumbu kafin ya tafi tura tes ko tabbatar da biya? Ku sa ya tara ɗalibai aji ɗaya su danna a lokaci guda a gabanku, yana nuna muku jerin haɗin a allo. Ku yi wannan gwajin mako guda kafin ranar sakin sakamako.